Sirrin Da Ke Cikin Batir

Gabatarwa

A unguwar Rumde da ke Jimeta, kamar sauran unguwannin Yola, da wuya ka shiga gidan da babu batir, ko a tocila, ko a rediyo, ko a waya. Da yawa suna ɗauka wuta ake ɗurawa a cikinsa kamar yadda ake ɗura ruwa a tulu. Wannan maƙala za ta nuna cewa sinadarai ne ke samar da wutar.

Bayarwa Da Karɓa

Kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, kuma a jikin kowace akwai 'yan mitsitsin ƙwayoyi da ake kira ilektaron. Idan wani sinadari ya saki ilektaron, dole a sami wanda zai karɓa, tamkar ciniki: ba mai sayarwa sai da mai saye. Wannan musaya ce masana ke kira ridos. Tsatsar da ke cin kwanon rufi misalinta ce, domin ƙarfe ne ke bai wa iskar oksijin ilektaron idan akwai danshi.

Hikimar batir ita ce raba mai bayarwa da mai karɓa, ta yadda ilektaron ba su da hanya sai ta waya. Tafiyarsu cikin wayar ita ce wutar lantarki. Alessandro Volta, mutumin Italiya, shi ya fara haɗa batir a 1800.

Batir Iri Biyu

A batirin tocila na gargajiya, gwangwanin tutiya ne ke bayarwa, baƙin garin manganis da ke kewaye da sandar tsakiya yana karɓa, a sami bolt 1.5. Idan sinadaran suka cinye, shi ke nan. Shanya shi a rana na ɗan farfaɗo da shi ne kawai saboda zafi na hanzarta aikin sinadarai, amma bai mayar da abin da ya ƙare.

Batirin mota kuwa, wanda Gaston Planté na Faransa ya ƙirƙiro a 1859, ɗakuna shida ne, kowanne na ba da kimanin bolt 2, a tashi 12. Farantan dalma ne cikin asid. Mai caji yana tura ilektaron su koma inda suka fito, sinadaran su dawo kamar da.

Kammalawa

Sanin wannan na da amfani. Zafin Yola na watannin Maris da Afirilu yana saurin ƙafar da ruwan batirin mota, don haka a riƙa dubawa, a ƙara tataccen ruwa, ba na rijiya ba. Wurin caji ya zamo mai iska, domin iskar haidurojin da ke fita tana kamawa da wuta. Sannan kada a fasa tsohon batir a tsakar gida. Dalma guba ce. Wadda ta fito daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Rigakafi dai ya fi magani.