Daga Titin Rabah Zuwa Bakin Kogin Motoyasu

A shekarar 1966 garuruwa biyu suka tsaya a gaban ginin da wuta ta ci. A Hiroshima ta ƙasar Japan, majalisar birni ta yanke cewa kangon nan mai ƙubba da ke bakin kogin Motoyasu zai ci gaba da zama yadda bam ya bar shi. A Kaduna kuwa, cikin watan azumi, kafin asubahin Asabar 15 ga Janairu, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka far wa gidan Firimiya da harsashi da wuta, suka kashe Sardauna Ahmadu Bello da uwargidansa Hafsatu. A farkon shekarun 1970 aka mayar da harabar cibiyar binciken tarihi, ita ce Arewa House ta titin Rabah, Farfesa Abdullahi Smith ya zama shugabanta na farko.

Ɓarnar ba ta aunuwa da juna. Bam ɗin da Amurka ta jefa ranar 6 ga Agusta 1945, da ƙarfe 8:15 na safe, ya ci rai wajen dubu 140 kafin shekarar ta ƙare. Abin da nake aunawa shi ne abin da ƙafar baƙo ke tararwa idan ya ce zai taka garin ya ga inda aka yi rashi.

Hiroshima an shirya ta domin mai tafiya a ƙasa. Jirgin lantarki na cikin gari zai sauke ka dab da kangon, ka ga ƙarafan ƙubbar tsirara, tubalan da suka zube suna nan a ƙasa bayan shinge. Ginin baje kolin kayan masana'antu ne a da, wani maginin ƙasar Cek mai suna Jan Letzel ya zana shi, aka buɗe a 1915. Taku kaɗan sai gadar Aioi, mai reshe a tsakiya, wadda matuƙan jirgin suka yi saiti da ita daga sama. Kana haurawa ka shiga lambun zaman lafiya, inda a da unguwar Nakajima take da shagunanta da gidajenta. Kenzo Tange, wanda ya tsara wurin, ya jera abubuwa a kan layi ɗaya: idan ka tsaya gaban rumfar dutsen da aka adana sunayen mamata ka leƙa ta ƙarƙashinta, za ka hango wutar da aka kunna tun 1964, can bayanta kuma kangon. Sunayen sun haura dubu ɗari uku, duk 6 ga Agusta ana ƙara na waɗanda suka rasu a shekarar. A gidan tarihin da ke cikin lambun akwai keken yaro mai ƙafa uku da ya ƙone, da agogon da ya tsaya a kan 8:15. Duk wannan bai kai tafiyar minti ashirin ba, kuma ko ba ka da ɗan rakiya, alluna za su gaya maka inda kake tsaye.

Na gwada irin wannan tafiya a garinmu wata Asabar cikin hunturu. Na fara daga shataletalen Lugard Hall, inda majalisar dokokin Jihar Arewa ta zauna a da, na miƙe titin Ali Akilu. Ban yi nisa ba mai Keke Napep ya rage gudu a gefena. "Alhaji, mota ce ta lalace?" Na ce a'a, gari nake kallo. Ya dube ni, ya dubi katangun da ke gefen titi, ya ce, "To Allah ya ba da sa'a," ya ja. Bai yi laifi ba. A Kaduna duk wanda ya sa wankakkun kaya yana tafiya a ƙasa, ana ɗauka wata matsala ce ta same shi, kuma abin da titin ke nuna maka galibi katanga ce da ƙofar ƙarfe. Ga gidan adana kayan tarihi da aka buɗe a 1975 a tsohuwar hedikwatar jam'iyyar NPC, motocin Kawo na wuce shi suna ƙwala kiran fasinja. Sai ka ratse ka nemi titin Rabah, ƙarƙashin inuwar darbejiya da mangwaro, kafin ka isa inda aka yi abin da ya sauya tarihin Najeriya cikin dare ɗaya.

Akwai zaren da ya ɗaure Kaduna da Japan, yana nan a bakinmu kullum ba mu lura. Titin da ya bi ta gaban otal ɗin Hamdala, wanda yanzu ake kira Muhammadu Buhari Way, mun tashi muna ce masa Waf Rod. Waf ɗin nan rundunar sojan Afirka ta Yamma ce ta zamanin Turawa, wadda Hausa ce harshen barikinta. Daga cikinta aka haɗa runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙi da sojan Japan a dazukan Bama tsakanin 1943 da 1945. Barikin Dalet na Kawo sunan wani wuri ne a yankin Arakan inda suka gwabza. Haka Kalapanzin na tsallaken kogi, Chindit na Zariya kuwa sunan wata runduna ne da ta yi yaƙi a Bama. Ina yaro akwai wani tsoho mai gadi a unguwarmu da muke ce wa Baba Soja. Da la'asar yakan zauna kan benci, ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna mana tabon da matsattsaku suka bar masa, ya ce a can ruwan sama ba ya ɗaukewa, kuma kaya a ka suke ɗauka suna hawa duwatsun da mota ba ta shiga. Mu a lokacin dariya muke yi da yadda yake faɗin "Jafan". Ya rasu ban tambaye shi ko sunan ƙauyensu ba, ban kuma san cewa bam ɗin Hiroshima na cikin abin da ya kawo ƙarshen yaƙin da ya kai shi can ba. Yau ɗalibi zai wuce ƙofar Dalet sau ɗari yana zaton sunan wani janar ne.

Kada a ɗauka Hiroshima ta samu abin a sauƙaƙe. Sai da aka yi shekaru ana gardama a kan kangon, domin wasu da suka tsira sun ce ganinsa kullum yana fama musu ciwo, gara a rushe. Dutsen tunawa da dubban 'yan Koriya da suka mutu a harin ya daɗe a wajen lambun, sai a 1999 aka shigo da shi. An kuma daɗe ana sukar garin da cewa yana faɗin abin da aka yi masa fiye da abin da sojojin da suka tashi daga tashar jiragen ruwansa suka je suka yi wa Sin da sauran maƙwabta. Namu kuma ya fi nasu sarƙaƙiya. Nzeogwu haifaffen Kaduna ne, Hausa a bakinsa kamar kowane ɗan gari, kuma da aka kashe shi kusa da Nsukka a 1967, nan Kaduna aka kawo gawarsa maƙabartar sojoji aka binne da girmamawar soja. Ranar 15 ga Janairu da muke tunawa da 'yan mazan jiya, saboda ƙarewar yaƙin basasa a 1970, ita ce dai ranar da aka kashe Sardauna. Duk wanda zai rubuta allo ɗaya a kan waɗannan, sai ya shirya wa surutu daga kowane ɓangare.

A wani fannin na fi son hanyarmu. Addini bai yarda mu tayar da gini a kan kabari ba, kuma ban ga rashi a nan ba. Mu da addu'a muke tunawa, da sa wa jariri sunan mamaci, da bakin makaɗa. Ranar da na shiga Arewa House na tarar da wata ɗaliba a ɗakin karatu ta sunkuya kan tsohon rubutun ajami, tana bin layi da bayan alƙalami don kada yatsa ya taɓa takardar. Sardauna, mutumin da ya kafa jami'ar Zariya a 1962, ban san abin da zai fi dacewa da gidansa ba irin wannan. Amma tunawar da ke a baki tana bin mai ita kabari. Mutanen Hiroshima da duk duwatsunsu sun gane haka: tun 2012 hukumar birnin ke ɗaukar masu sa kai, kowanne ya lazimci tsoho ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira na tsawon shekaru, ya haddace labarinsa don ya ci gaba da bayarwa. Wannan ai karatun zaure ne, mu ne ya kamata mu riga su. Kuma rubuta suna a allo ba gina kabari ba ne.

Abin da ya fi ci mini rai bai kai tsufan Bama ba. Rikicin Fabrairu da Mayun 2000, da na Nuwamban 2002, su suka sa iyalai da dama suka kwashe kaya, Musulmi suka yo arewacin kogi, Kirista suka yi kudu. Kusan kowane gida a Tudun Wada ko Kawo ko Kakuri yana da sunan wanda ya fita bai dawo ba, kuma iyayensu da yawa suna raye, ana iya zama da su yau a rubuta.

Na ƙare tafiyata a lambun Gamji, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Janar Hassan Usman Katsina. Can ne ƙaramar gadar ƙarfen Lugard take, wadda aka kafa a Zungeru a 1904, aka kwance aka kawo ta nan, aka kuma sa ta cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. Yara biyu suna guje-guje a kanta, uwarsu na ɗaukar su hoto da waya. Na wuce bakin ruwa na zauna. Kogin ya ja baya saboda rani, duwatsu sun fito, wasu samari sun shanya wanki a kansu, kuma daga inda nake ina hango rufin gidajen tsallake.