«Pipe dream»: bututun nan ba na mai ba ne

Ɗan kasuwar Malbaza ko na Birnin Ƙonni da ke ƙetara iyaka zuwa Illela ta Nijeriya ba ya rasa cin karo da jaridun Ingilishi, ko da kaya aka naɗe masa a ciki. Duk sa'ad da jaridun suka taɓo wani babban aikin da aka daɗe ana alkawarinsa, sau da yawa sukan kira shi «pipe dream». Ma'aikacin da ya ɗan taɓa Ingilishi a lakkwal ya san «dream» mafarki ne, «pipe» kuwa bututu, sai ya zaci zancen bututun mai ake yi.

Bututun nan lofe ne, lofen shan ofiyom. A ƙarshen ƙarni na 19 akwai gidajen shan wannan ƙwaya a biranen Amurka, inda mutum zai zuƙi hayaƙi, ya kishingiɗa, ya ga kansa cikin daular da ba ta wuce ƙoƙon kansa ba. Daga nan aka ari kalmar ga duk dabarar da ke da daɗin ji amma ba ta da ƙafar takawa.

Kada a haɗa ta da romon baka. Mai romon baka ya san yaudara yake yi. Mai mafarkin lofe kuwa ya gaskata kansa, ya zuba jarinsa, shi ya sa ya fi wuyar ganewa in ya zo neman abokin haɗa dukiya. Bafaranshe zai ce gina fādodi yake a Sipaniya.

Sai dai kalmar takan ba masu ita kunya. A 1890 wata jaridar Chicago ta ce an daɗe ana yi wa tafiya ta sararin sama kallon irin wannan mafarki. A 1903 ƴan'uwa biyu, su Wright, suka tashi da jirgi. Bututun mai na Agadem zuwa Seme ta Benin, mai kusan kilomita 2000, ya fara loda jiragen ruwa a 2024. Na iskar gas kuwa, wanda zai tashi daga Nijeriya ya ratsa Nijar zuwa Aljeriya, fiye da kilomita 4000, an sa masa hannu a Abuja a 2009. Shekara 13 bayan haka, a 2022, ministocin ƙasashen uku suka hallara a babban birnin Aljeriya, suka sake sa hannu.