Rumbun Ƙarfe a Cikin Birni: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Mutanen cikin birnin Kano da dama suna da gona a bayan badala, wani a Gezawa, wani a Kura ko Bichi. Da kaka ta yi sai a shigo da amfani gida. To, ina filin gina rumbu a Yakasai ko Madabo, inda katanga ke jingine da katanga? Haka ake jibge buhuna a zaure, ɓera ya ci nasa, ƙwari su mai da wake gari tun kafin bazara. Rumbun ƙarfe yana maganin wannan asara.

Da fallen ƙarfe marar tsatsa ake ƙera shi, kamar babban duro, da murfin zubawa a sama da ƙaramin bakin ɗiba a ƙasa. Sirrinsa ɗaya ne: kada iska ta shiga. Ƙwaro ma da numfashi yake rayuwa. Idan iskar ciki ta ƙare sai ya mutu, ba tare da an zuba wa abinci guba ba.

Kafin ku nufi kasuwar Ƙofar Ruwa sayen ƙarfe, ku auna faɗin lungunku da ƙofar zaure. Idan rumbun ba zai shige ba, maƙeri ya zo ya harhaɗa shi a tsakar gida, ya like kowace mahaɗa da dalma. Ku ɗora shi a kan katako, kuma a inuwa, domin ranar Afrilu tana gasa ƙarfe, cikinsa ya yi gumi, hatsi ya yi fumfuna.

Hatsin kuwa sai ya bushe ƙayau, damshinsa kada ya wuce kashi 13 cikin 100. Ga gwaji mai sauƙi: ku zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri a kwalba, ku rufe, ku girgiza. Muddin gishiri ya manne a jikin kwalbar, a koma shanya. Bayan an cika rumbun, a ɗaure murfi da bakin ɗiba tam da robar tayar keke, kada a buɗe sai an yi aƙalla wata guda.

Wanda bai da halin rumbun ƙarfe, buhun PICS mai hawa uku yana aiki da wannan hikimar ta hana iska shiga. Cibiyar NSPRI, mai binciken adana amfanin gona, tana da ofis a Kano ga mai neman shawara.

Jama'a, mu tanadi ma'aji tun kafin girbi. Noma bai kammala ba sai hatsi ya kai damina lafiya.