Daga baƙo zuwa ɗan zango: maigida, lamuni da takardar zama a ƙaurar Hausawa zuwa Gana

1. Gabatarwa

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, da hantsi ya dubi ludayi sai a neme shi a rasa. Amma duk wanda ya zagaya unguwannin da ake kira zango a Kumasi ko Akara zai tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen mutanen Katsina, Kano, Gobir, Adar da Damagaram waɗanda kakanninsu suka je da niyyar ci-rani, zama ya kama su. A cikin wannan ɗan nazari muna son mu amsa tambaya guda: ta wace hanya mutumin da ya sauka a ƙasar da ba ya jin harshenta, ba shi da dangi ko gona a cikinta, yake kafa rayuwa har ya bar wa ƴaƴansa gida?

Abin da za mu nuna shi ne, tsarin maigida da zango ya warware wa baƙo matsalar masauki da sana'a da aure tun kafin a yi hukumomin zamani, amma ya kasa warware masa matsalar da ta zo da ƴancin kai, wato ta takardar zama da ta ɗan ƙasa. Mun ɗauki Gana a matsayin babban misali, za mu kuma leƙa Ibadan da Lome inda binciken da aka yi a can ya fi fito da wani ɓangare na tsarin.

2. Asalin zango

A bakin fatake, zango shi ne wurin da ayari ke yada kaya ya kwana bayan tafiyar yini. A ƙarni na 19 ayarin goro kan tashi daga Kano da Sakkwato ƙarƙashin madugu, ya ratsa Borgu ko ƙasar Gurma, ya sauka Salga a ƙasar Gwanja, inda ake musayar kanwa, tufafi da dabbobi da goron da Tonawa ke kawowa daga kurmi. Lovejoy (1980) ya nuna cewa manyan masu wannan fatauci su ne Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari, kuma asalin na farko da na biyu yana komawa ga Bugaje da suka gangaro daga ƙasashen Abzinawa suka zauna a ƙasar Katsina da Kano. Ke nan su kansu baƙi ne da suka zama Hausawa kafin su je su zama baƙi a wani wuri.

Abubuwa biyu suka watsa mutanen Salga. A 1874 sojojin Ingila suka ci Kumasi, ƙarfin Tonawa a kan Gwanja ya ragu. A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke a Salga kanta, fatake suka bazu zuwa Kete-Karachi, Kintampo, Yeji, Akara da Lome. Bayan da Ingila ta haɗiye ƙasar Tonawa a 1901, jirgin ƙasa kuma ya iso Kumasi a 1903, sai zangon wannan birni ya bunƙasa. Ga kuma tsofaffin sojoji da ƴan sandan da Turawa suka ɗebo daga Arewa, waɗanda Hausa ce harshen barikinsu, da yawansu suka zauna a zango bayan sun bar aiki. Daga nan kalmar ta tashi daga ma'anar masaukin dare ɗaya ta koma sunan unguwar baƙi Musulmi, mutanen Gana suna furta ta “zongo”.

3. Masu tafiya Kurmi

Bayan fatake sai talakawa manoma suka biyo. A ƙasar Nijar abubuwan da suka tura su sananne ne: lanho da dole a biya shi da kuɗin Faransa, aikin dole da ba a soke shi ba sai a 1946, da yunwa irin ta 1913-1914 da ta 1931. Abin da ya ja su kuma shi ne gonakin koko, mahaƙan zinariya da tashoshin jiragen ruwa na Gwal Kwas, sunan ƙasar kafin 1957. Jean Rouch, wanda ya bi sawunsu a tsakiyar shekarun 1950 ya buga sakamakon bincikensa a 1956, ya bayyana yadda samari ke barin gida bayan girbi su komo gabanin shuka. Yawancin waɗanda ya bi Zabarmawa ne da Sanwai, amma Hausawan Adar da Arewa da Gobir suna kan hanyar, kuma da an isa Kumasi Hausa ce harshen da ke haɗa kowa.

Sabon zuwa kan fara da aikin da ba ya bukatar jari: dako a kasuwa, wanda a can ake kira “kayakaya”, ko jan ruwa, ko gadi, ko tallar kayan wani. Wanda ya tara ɗan abin hannu sai ya kafa tebur. Daga cikin masu kai-da-komo ɗin nan ne wasu ke tsallake damina ɗaya, su tsallake ta biyu, har gonar gida ta koma hannun ƙane. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

4. Maigida da lamuni

Ginshiƙin zango shi ne maigida, wanda masu rubutu da Faransanci ke kira “logeur”. Baƙon da ya sauka a tasha ba ya neman otal, yana tambayar gidan mutumin garinsu ne. A can za a ba shi tabarma a zaure, a sa shi cikin masu cin tuwon gidan, ba tare da an yanka masa haya ba. Maigida ne ke ajiye masa kuɗi da kaya, ya yi masa tafinta, ya karɓo shi in ƴan sanda sun kama shi, ya yi jinyarsa, in ta Allah ta kasance ya yi masa sutura ya aika da labari gida.

Wannan ɗawainiya tana da riba, kuma binciken Abner Cohen (1969) a unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, shi ya fi bayyana ta. Mai shanu ya zo daga Arewa, mahauta Yarabawa ne da bai san su ba, kuma ba sa iya biya sai sun yanka sun sayar. Maigida ne ke tsayawa tsakani: dillalansa su nemo mai saye, a sayar bashi, shi kuma ya ɗauki lamunin kuɗin. In mahauci ya ci amana, maigida zai biya daga aljihunsa, sannan sauran masu gidaje su haɗa kai su hana wa mahaucin shanu har sai ya sauke bashin. Abin da maigida ke samu shi ne rabonsa daga la'ada, da kuma tabbacin cewa mai shanun zai dawo gidansa baɗi ya kawo wasu. Babu takarda, babu banki. Jarin da ake juyawa shi ne sunan maigida, wanda ya sa ba ya sake ya bar baƙonsa ya wulaƙanta.

Michel Agier (1983) ya tarar da irin wannan tsari a zangon Lome, ya kuma nuna yadda yaron gida ke hawa mataki-mataki: daga ɗan aike zuwa mai kora shanu, zuwa dillali, har maigida ya yi masa aure, wani lokaci ma da ƴarsa ko ƴar riƙonsa, ya ba shi jari. A nan ne muke ganin yadda dangantakar kasuwa ke rikiɗa ta zama ta zumunta. Wanda ya zo ba shi da kowa ya sami uba, suruki da ƴan'uwa a gidan da ya sauka.

5. Yadda ake zama ɗan zango

Sama da maigida akwai sarkin kowace ƙabila, kamar sarkin Zabarmawa ko na Mosawa, sama da su kuma akwai Sarkin Zango, wanda ke magana da sarakunan ƙasa da hukuma a madadin baƙi. Su ne ke raba gardamar aure, gado da bashi. Filin da aka gina zango a kansa kuwa na masu ƙasa ne. Sabon Zango na Akara, wanda Deborah Pellow (2002) ta yi nazarinsa, Malam Baƙo ne ya karɓi filinsa daga hannun sarakunan Ga a farkon ƙarni na 20, shi kuma ya riƙa yanka wa masu zuwa. Baƙo yana da ginin, amma asalin ƙasar ba tasa ba ce.

Enid Schildkrout (1978), da ta bi zuriyar Mosawa a zangon Kumasi, ta gano bambanci tsakanin iyaye da ƴaƴa. Iyayen da suka yi ƙaura suna riƙe da harshensu da sunan garinsu. Ƴaƴan da aka haifa a zango kuwa Hausa ce harshensu na yau da kullum, makarantar allo ta haɗa su da ƴaƴan Wangarawa, Kotokoli da Yarabawa, auratayya ta biyo baya. Sunan ƙabila ya rage amfani sai a wajen biki da siyasar unguwa. Saboda haka “Bahaushe” a bakin mutumin kudancin Gana yakan nufi Musulmin zango ne, ko da kakansa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba.

Harshen kansa ya ɗauki alamar wannan cuɗanya. Hausar Gana ta yi watsi da bambancin jinsi a mafi yawan wurare, har a ce “mace ya zo”, kuma baƙaƙe masu ƙugiya sun yi rauni a bakin da yawa. A ɗaya ɓangaren, girkin zango ya shiga cimar ƙasa da sunayensa: “waakye” daga wake, “tuo zaafi” daga tuwo mai zafi.

6. Inda ikon maigida ya ƙare

Duk wannan tsari an gina shi ne a zamanin da hukuma ba ta tambayar baƙo takarda. Ƴancin kai ya sauya tambayar: da ana cewa “baƙon wa ne?”, yanzu ana cewa “ɗan wace ƙasa ne?”. Alamar farko ta bayyana tun a 1957, lokacin da gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, tare da Alhaji Usman Lalemi zuwa Nijeriya saboda goyon bayan ƴan adawa, alhali suna da'awar a ƙasar aka haife su. Wanda ke tsaya wa baƙi shi kansa ya rasa mai tsaya masa.

Ƙidayar 1960 ta nuna wajen kashi 12 cikin 100 na mazauna Gana ƴan asalin waje ne. Ran 18 ga watan Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Fiye da mutum dubu 100 suka bar ƙasar, cikinsu har da waɗanda aka haifa a can ba su san wata ƙasa ba. An sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, aure da yawa ya rabu a kan iyaka. A 1970 aka ƙara da dokar da ta keɓe ƙananan sana'o'in kasuwa ga ƴan ƙasa, kuma ƙidayar wannan shekara ta sauko da kason baƙi ƙasa da kashi 7.

Ba Gana kaɗai ta yi haka ba. A ƙarshen 1963 Nijar ta kori ƴan Dahomai a lokacin rikicin tsibirin Lete. A 1977 hukumar Togo ta rushe zangon Lome ta mayar da mutanensa bayan gari. A watan Janairu 1983 Nijeriya ta kori baƙi wajen miliyan 2, ƴan Gana ne suka fi yawa, da ƴan Nijar a ciki, duk da yarjejeniyar CEDEAO ta Dakar ta 1979 wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar izinin shiga ba biza har kwana 90. Abin lura shi ne, korar Gana ta 1969 da ta Nijeriya ta 1983 duk sun zo ne a lokacin da tattalin arziki ya tsuke, aka ɗora wa baƙo laifin rashin aiki.

Waɗanda suka tsira daga 1969 sun ɗauki darasi: sa yara makarantar boko, neman takardar haihuwa, shiga jam'iyyu. Yau zango yana da nauyi a zaɓe. A 1993 aka naɗa Shehu Usman Nuhu Sharubutu, haifaffen Akara, Babban Limamin ƙasa, a 2017 kuma majalisa ta kafa asusu na musamman don raya zanguna. Duk da haka tsarin mulkin 1992 ya rataya zama ɗan ƙasa ta haihuwa a kan iyaye ko kakanni, haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta wadatar ba, shi ya sa batun asalin ƴan zango kan sake tasowa idan ana rajistar masu zaɓe ko raba katin ɗan ƙasa.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya cewa kafa rayuwa a baƙuwar ƙasa yana da ƙofa biyu. Ta farko ta jama'a ce, makullinta yana hannun maigida, kuma amana ce kuɗin shigarta. Ta biyu ta hukuma ce, ba ta san amana ba sai takarda. Wanda ya shiga ta farko kaɗai yana iya shekara 40 yana gini, sanarwar rediyo guda ta raba shi da shi cikin mako biyu.

Wannan tambaya ta sake zama ta yau tun da Nijar, Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga CEDEAO ran 29 ga watan Janairu 2025. A lokacin ƙungiyar ta nemi ƙasashenta su ci gaba da barin ƴan ƙasashen uku suna shige da fice har sai an yi sabon tsari, amma abin da yarjejeniya ta tabbatar a da ya koma abin da ake tattaunawa. Don haka muna ganin ya kamata ɗalibanmu da ke shirin rubuta kundin digiri su nufi ƙauyukan Tawa, Maraɗi da Dogon Dutsi inda har yanzu akwai tsofaffin da korar 1969 da ta 1983 suka maido gida, su ɗauki bayanansu: gidan wa suka sauka, wa ya ba su jarin farko, me suka baro, wa ya riƙe musu shi. Masu wannan labari suna ƙarewa, kuma mafi yawansa ba a rubuta shi ba.