Ƙwan Lantarki da Bin Sawun Matsalar Wuta a Cikin Gida

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce rashin sani ya fi dare duhu. Sau da yawa maigida kan kwana cikin duhu alhali kuwa abin da ya lalace bai wuce ƙwai ɗaya ba. Wani kuma yakan sa hannu inda bai kamata ba, ya jawo wa gidansa gobara, ko ma ya rasa ransa. Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne bayyana yadda ake gane ƙwan da ya dace da gurbin wanda ya mutu, da yadda ake bin sawun matsala, da kuma inda ya wajaba mutum ya tsaya ya kira mai wayarin.

2.0 Ire-iren Ƙwai

Ƙwan lantarki da aka fi sani a gidajenmu iri uku ne. Na farko shi ne tsohon ƙwai mai siririyar waya a ciki, irin wanda Thomas Edison ya fito da shi a Amurka a 1879. Wayar ce ke yin zafi har ta ba da haske, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake sha zafi take zama. Na biyu shi ne doguwar fitila da ƙanenta mai murɗe. Waɗannan akwai zaiba a cikinsu, wadda guba ce, don haka idan sun fashe sai a buɗe taga, a kwashe tarkacen da kwali. Na uku shi ne LED, wanda ya fi su ƙarko da ƙarancin shan wuta.

3.0 Abin Dubawa Kafin Saye

Abin da ya fi shi ne a tafi kasuwa da mataccen ƙwan, a kuma lura da abubuwa huɗu.

Na ɗaya, gindin ƙwai. Akwai mai ƙusoshi biyu a gefe, wanda ake dannawa a ɗan juya, lambarsa B22. Akwai kuma mai zare, wanda ake murɗawa, lambarsa E27. Lambobin nan faɗin gindin ne a ma'aunin milimita, kuma ɗaya ba ya shiga holdar ɗaya.

Na biyu, ƙarfin wutar da aka yi ƙwan dominta, wanda ake nunawa da harafin V. Wutar gidajen Nijeriya da Nijar tsakanin 220 ne da 240, ta Amurka kuwa 120. Ƙwan da aka yi wa wutar Amurka nan take zai ƙone a nan.

Na uku, harafin W, wato wat. Mutane da dama sun ɗauka shi ne yawan haske, alhali kuwa yawan wutar da ƙwai ke sha ne. Ma'aunin haske shi ne lumen. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da kimanin lumen 800, LED mai wat 9 ma hakan yake bayarwa. Kada kuma a sa ƙwan da ya zarce wat ɗin da aka rubuta a jikin holda, don zafi kan narkar da ita.

Na huɗu, launin haske, mai harafin K. Lamba 2700 haske ne mai ɗan rawaya, 6500 kuwa fari fat.

4.0 Bin Sawun Matsala

Ƙa'idar ita ce a fara daga ƙarami zuwa babba. Idan ƙwai ɗaya ne ya ƙi kamawa, a kashe makunni, a bari ya huce, a gwada shi a wata holda mai aiki. In ya kama, to laifin holda ne ko makunni. Idan ɗaki ɗaya ko sashe guda ne ya ɗauke, a duba akwatin rarraba wuta, mai yiwuwa fis ya ƙone ko birka ta faɗi. Sai a zare duk kayan da ke jone, a ɗaga birkar, a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sake kayar da ita shi ne mai laifi. Idan kuwa gidan ne gaba ɗaya, a leƙa maƙwabta tukuna, wataƙila ɗauke wutar aka yi.

5.0 Inda Ake Tsayawa

Fis da birka masu gadi ne, aikinsu su yanke wuta kafin waya ta yi zafi. Wanda ya maye gurbin fis da wayar tagulla mai kauri ya kori mai gadi, ya bar ƙofa a buɗe ga gobara. Haka nan akwai alamomin da ba na maigida ba ne: ƙaurin roba, da soket mai zafi ko wanda ya yi baƙi, da famfo ko firji mai jan mutum. Idan LED ya ci gaba da ɗan haske bayan an kashe shi, yana iya yiwuwa an ɗora makunnin a kan wayar da ke mayar da wuta, ke nan holdar tana nan da wuta. Idan kuma wasu ƙwayayen suka yi haske fiye da kima, wasu suka dushe, to wayar mayarwa ce ta kwance ko ta tsinke, kuma kayan gida na iya ƙonewa. A duk waɗannan, a kashe babban makunni da busasshen hannu, a nemo gwani. Janareta kuma kada a jona shi da wayar gida sai ta akwatin canji, in ba haka ba wutarsa za ta koma kan layi, ta halaka mai gyara a bisa turke.

6.0 Kammalawa

Mai karatu zai ga cewa yawancin abin da ake bukata a rubuce yake a jikin ƙwai da holda, karantawa kawai ake so. Sauran kuwa natsuwa ce da sanin iyaka, domin kuɗin mai wayarin, komai yawansa, bai kai ɗaki guda da ya ƙone ba, balle rai.