Turmi da Taɓarya a Ɗakin Binciken Kimiyya

A kwalejin horon malamai an koya mana cewa in ana son sinadari biyu su haɗu su haifi na uku, sai an narkar da su cikin ruwa ko an ɗora su a wuta. Haka mu ma muka riƙa gaya wa ɗalibanmu shekara da shekaru. Ashe, jama'a, akwai hanya ta uku, kuma tsohuwa ce ƙwarai: daka da niƙa.

Kimanin shekara 300 kafin Miladiyya wani malamin Girka, Tiyofirastus, almajirin Aristotil, ya bayyana yadda ake samun zaiba. Ana daka wani jan dutse tare da ruwan inabi mai tsami cikin turmin jan ƙarfe, da taɓaryar jan ƙarfe. Dutsen nan zaiba ce haɗe da farar wuta. Ana cikin daka sai jan ƙarfen ya janye farar wutar, zaiba ta fito tana ƙyalli, ba tare da an hura wuta ba.

Za ku ce ai zafin gogayya ne ya yi aikin. Mu ma haka muka zata. To, a tsakanin 1892 da 1894 wani Ba'amurke, Kyari Li, ya gwada gishirin azurfa. In an gasa shi narkewa kawai yake yi, amma in an niƙa shi da ƙarfi sai ya rabu, azurfa ta fito. Wato ƙarfin dakan kansa yana tsinka ƙullin da ya riƙe sinadaran, kuma kowane bugu yana buɗe sabuwar fuska inda za su haɗu.

Yau ba turmi ake amfani da shi ba. Garin sinadarai ake zubawa cikin tukunyar ƙarfe tare da ƙwallayen ƙarfe, inji ya yi ta juyawa awa da awanni. Da wannan dabara aka haɗa ƙarafan injin jirgin sama masu jure zafi tun wajen 1970, ana kuma haɗa wasu kayan batir. Ribar ita ce ba a bukatar ruwan narkarwa mai guba da masana'antu ke rasa inda za su zubar. A 2019 ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta duniya, IUPAC, ta sa ta cikin sabbin fasahohi 10 masu muhimmanci.

Sai dai su a rufe suke niƙa, ƙura ba ta fita. A Zamfara, inda aka riƙa niƙa dutsen zinariya mai dalma cikin gidaje, ƙurar ta kashe yara sama da 400 a 2010.