Hikimar Tsoka da Abokiyar Hamayyarta

Daga cikin hikimomin da Allah Maɗaukakin Sarki ya kimsa a halittar ɗan Adam, akwai cewa tsoka, kome ƙarfinta, ba ta san wani aiki ba sai ja, domin tana tsukewa ta janyo ƙashi, amma ba ta da ikon tura shi ya koma inda ya fito. Saboda haka ne aka jera tsokoki bibbiyu a kan gaɓoɓi, kowace da abokiyar hamayyarta a ɗaya gefen. Jalinusu, likitan Yunanawa, ya bayyana haka tun ƙarni na 2 na Miladiyya, Ibn Sina kuma ya yi sharhin tsokoki a Alƙanun, littafinsa na ɗibbu da ya kammala a 1025.

Mai son ganin hujja da idonsa ya dubi mace tana dakan gero a unguwar Atrone ta birnin Njamena. In ta ɗaga taɓarya, ƙwanjin gaban damtse yakan dunƙule ya lanƙwasa gwiwar hannu, na baya kuwa ya saki. In ta sauke ta cikin turmi, na bayan ya tsuke ya miƙe hannun, na gaban ya sassauta, amma ba gaba ɗaya ba, sai gwargwadon da zai riƙe gaɓar kada ta gurɗe.

Wannan sassautawa kuwa umarni ce daga laka. Bature Charles Sherrington, wanda ya wallafa bincikensa a 1906 ya kuma sami kyautar Nobel a 1932, ya tabbatar da cewa saƙon da ke sa tsoka ta tsuke, shi ne a lokaci guda ke hana kishiyarta yin haka.

Faɗakarwa a nan ita ce cutar tetanus, wadda ƙwayarta ke zaune cikin ƙasa, take shiga ta rauni ko ta cibiyar jariri in an yanke ta da reza marar tsabta. Dafinta yana toshe wancan hani, sai tsokoki biyu su ja tare, haƙora su sarƙe, baya ya bankare. Alhali kuwa allurar rigakafi, musamman ga mata masu juna biyu, tana kare uwa da jaririnta daga wannan musiba.